Farautar sa hannun tsofaffin zakarun boksin

Ranar 24 ga Satumba 1922, a wani filin tseren keke da ke gefen birnin Paris, wani matashi ɗan Sanagal mai suna Mbarick Fall, wanda duniya ta fi sani da Battling Siki, ya shimfiɗe Georges Carpentier a turmi na shida. Carpentier fa a lokacin shine ɗan gatan Faransa gaba ɗaya, kyakkyawa, jarumin yaƙi, shekara ɗaya kafin nan ya kara da Jack Dempsey a damben farko da kuɗin ƙofa ya haura dala miliyan ɗaya. Alƙalin wasa yayi wuf yace ai Siki ƙafa ya sa masa, ya ba Carpentier nasara yana kwance a ƙasa, sai 'yan kallo, Faransawa 'yan uwansa fa, suka ce basu yarda ba, aka yi ta ihu aka yi ta ihu har sai da aka janye hukuncin aka ɗaga hannun Siki. Shine haifaffen Afirka na farko da ya riƙe kambun duniya a damben boksin.

To yau in ka shiga kasuwar masu tara sa hannun 'yan dambe, na Carpentier wanda aka doke zaka same shi ba wahala, a kan hoto, a kan kati, a kan takardar abinci, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Na Siki wanda yayi nasara kuwa sai ka shekara kana leƙa gwanjo baka ga ko ɗaya da zuciyarka zata kwanta da shi ba. Dalili kuwa a fili yake. Carpentier ya rayu har 1975, yana da mashaya a Paris, duk wanda ya miƙo takarda ya sa masa hannu. Siki kuwa Ingila ta hana shi shiga yayi dambe, ya tafi Dublin a watan Maris 1923 ana tsakiyar yaƙin basasa ya rasa kambun a hannun Mike McTigue, ya wuce Amurka rayuwa ta dagule masa, a watan Disamba 1925 aka tsinci gawarsa a titin New York an harbe shi ta baya, yana da shekara 28. Sai a 1993 aka kwaso ƙasusuwansa aka mayar Saint-Louis garin haihuwarsa. Shekara uku kacal tsakanin ɗaukakarsa da kabarinsa, to takarda nawa zai sa wa hannu?

Wannan shine abun da ya fi riƙe ni a harkar nan. Mutane suna ɗauka tsadar sa hannu tana bin gwanintar ɗan dambe ne, a'a, tana bin tsawon kwanansa, da ko ya iya rubutu, da ko a zamaninsa akwai wanda ya ga darajarsa har ya miƙa masa alƙalami, sannan da ko wanda aka sa wa hannun ya adana. In ka jera takardun nan a gabanka kusan tarihin wanda duniya ta rungume da wanda ta watsar kake karantawa.

Ɗauki Dempsey. Ya karɓe kambun masu nauyi daga Jess Willard a Toledo ranar 4 ga Yuli 1919, dukan da yayi masa a turmin farko har yau in ka kalli tsohon fim ɗin sai tsigar jikinka ta tashi. Ya riƙe har 1926 da Gene Tunney ya ƙwace. Babban zakara ne ba tantama, amma sa hannunsa na cikin mafi araha a duk tsofaffin, saboda ya buɗe gidan abinci a titin Broadway a New York wanda bai rufe ba sai 1974, yana zaune kusa da taga yana gaisawa da baƙi yana sa hannu a katin gidan, kuma Allah ya ba shi tsawon rai har 1983. Irin katin nan ne ma farkon abun da na mallaka, a gaba zanen karonsa da Willard, a baya ya rubuta gaisuwa da sunan wani bawan Allah da ban san ko waye ba, sannan sunansa da manyan baƙi, harafin J ɗin ya yi doguwar jela ya sauko har layin ƙasa. In ka karkata katin ga haske zaka ga inda bakin biron ya danne takardar ya bar kwari. Hannun da ya kayar da Willard sau bakwai a turmi ɗaya shi ya danna wurin nan, ni dai wannan kaɗai ya ishe ni dalili in wani ya tambaye ni me nake yi da tsohuwar takarda. Max Schmeling na Jamus ma haka, ya kai shekara 99, sai 2005 ya rasu, kuma har ya tsufa yana amsa wasiƙun masoya, don haka duk mai son farawa da ɗan kuɗi kaɗan daga irin waɗannan zai fara.

Yanzu juya ɗaya gefen. Joe Gans, baƙar fatar Amurka na farko da ya zama zakaran duniya, ya ci kambun marasa nauyi a 1902, a 1906 yayi turmi 42 da Battling Nelson a zafin garin Goldfield, tarin fuka ya kashe shi a 1910. Stanley Ketchel a wannan shekarar aka harbe shi yana da 24. Pancho Villa ɗan Filifin ya mutu 1925 yana da 23. Harry Greb 1926, Tiger Flowers wanda ya karɓi kambu a hannun Greb shi kuma 1927, dukkansu biyun bayan an yi musu aiki a asibiti. Waɗannan sunayen in sa hannunsu na gaske ya fito gwanjo manyan masu kuɗi ne ke kokawa a kai, irinmu sai dai mu sauke hoton mu ajiye a waya muna nazari.

Wanda labarinsa yafi taɓa ni shine Sam Langford. Mutumin nan gajere ne amma ya daki manyan ƙarti tun daga ƙananan aji har masu nauyi, kuma ba a taɓa ba shi damar ɗaukar kambun masu nauyi ba, Turawan suka guje shi, Jack Johnson ma da suka kara a 1906 bai sake yarda sun haɗu ba bayan ya zama zakara. Ƙarshe ya makance, a 1944 wani ɗan jarida mai suna Al Laney ya bi sawunsa ya same shi a wani ɗan ɗaki a Harlem ba shi da komai. Ya rayu har 1956, kaga kwana ya yi tsawo, amma makaho da aka manta da shi waye zai kai masa hoto ya sa hannu?

Shi John L. Sullivan nan ne tushen abun. Shine zakaran ƙarshe na zamanin da ake yi da tsurar hannu ba safa, a 1889 yayi turmi 75 da Jake Kilrain a Richburg cikin jihar Mississippi, a ɓoye don doka ta hana, sannan a 1892 a New Orleans James Corbett ya shimfiɗe shi a turmi na 21 da safar hannu a ƙarƙashin dokokin Queensberry, wato dokokin boksin na zamani, daga nan zamani ya juya. Farin jininsa ya kai har a Amurka mutum kan miƙo hannu yace zo ka gaisa da hannun da ya gaisa da Sullivan. Kamfanonin taba irin su Allen & Ginter suna saka ɗan ƙaramin katin hotonsa a cikin kwalin sigari tun wajen 1887, daga irin katunan nan ne ma al'adar tara kayan 'yan wasa ta samo ƙarfi. Ina girmama shi a matsayin ɗan dambe amma bana ɓoye cewa akwai abun da ke ci min rai game da shi, ya fito ƙarara yace shi ba zai yi da baƙar fata ba, da haka Peter Jackson, wanda da yawa ke ganin zai iya da shi, ya mutu a 1901 bai taɓa samun damar ba. Ko da ina da kuɗin sa hannun Sullivan, na Jackson zan fara nema.

Jack Johnson kuwa shi ya fasa ƙofar da ƙarfi. Ya bi Tommy Burns har Ostareliya ya karɓe kambun a Sydney ranar 26 ga Disamba 1908, aka lallaɓo James Jeffries daga ritaya don ya dawo wa da Turawa martaba, Johnson ya gama da shi a turmi na 15 a Reno ranar 4 ga Yuli 1910, daren nan tarzoma ta ɓarke a garuruwa da dama aka kashe mutane, akasarinsu baƙaƙe. Aka bi shi da shari'a a 1913 kan hulɗarsa da farar mace, ya gudu daga ƙasar, ya rasa kambun a Havana 1915, ya dawo 1920 yayi zaman kurkuku, sai a 2018 gwamnatin Amurka ta yi masa afuwa, shekara 72 bayan ya mutu a haɗarin mota. Johnson mai karatu ne, yana da rubutu mai kyau, ya fitar da littafin tarihin rayuwarsa a 1927 kuma ana samun kwafin da ya sa wa hannu. Nasa ba ya cikin mafi ƙaranci, amma masu nema sun yi yawa, shi yasa yake da tsada, shi yasa kuma 'yan jabu suka fi damunsa.

Maganar jabu kam sai an zauna. Kasuwar nan cike take da shi, a ƙarshen shekarun 1990 hukumar FBI ta yi wani babban samame da ta kira Operation Bullpen ta kama gungun masu ƙera sa hannun 'yan wasa a California, har da takardun shaidar inganci na bogi suke haɗawa da kayan, wato takardar da aka ce ita zata kwantar maka da hankali ita ma a ɗakin aka buga ta. Don haka kafin ka kalli kowace shaida fara kallon kayan rubutun. Biro bai shiga kasuwar Amurka ba sai ƙarshen 1945. Sullivan ya mutu 1918, Gans 1910, Siki 1925, Corbett 1933, in ka ga sunan ɗayansu da biro ba sai ka ɓata lokacinka ba. Johnson ya mutu a watan Yuni 1946, 'yan watanni kenan da fitowar biro, to shi ma in ka gani da biro ka ja baya sosai. Maka irin ta Sharpie 1964 ta fito. Na sha ganin safar dambe sabuwa fil an rubuta sunan mutumin da ya mutu tun kafin yaƙin duniya na biyu da baƙar maka, kuma mutane na ta taya ta, abun tausayi.

Na gaske na zamanin da da alƙalamin tsomawa ko mai shan tawada ko fensir ake yi. Tsohuwar tawadar nan in ta shekara ɗari tana komawa ruwan ƙasa, tana ɗan cin takardar, in ka sa gilashin ƙara girma zaka ga bakin alƙalamin ya rabu biyu a inda aka danna, layi biyu siriri da tawada a tsakani, sannan wurin da tawadar ta fara ƙarewa rubutun yayi haske kafin a sake tsomawa. Ɗan jabu mai wayo yakan samo tsohon littafi ya yage farar takardar farko yayi rubutu a kai, takarda ta tsufa da gaske, amma sabuwar tawada a kan tsohuwar takarda tana bazuwa, gefen harafin yayi gashi gashi. Haka in takardar tana da tsohon ninki, tawadar da aka sa daga baya tana malala cikin ninkin. Sai kuma gudun hannu. Mutum in yana rubuta sunansa baya tunani, shuuu ya wuce, mai kwaikwayo kuwa zana sunan yake yi, zaka ga hannu na rawa, ya tsaya a tsakiyar harafi ya ɗora, ƙarshen sunan ya tsaya cak maimakon ya sulale. Akwai ƙaramar tocila mai hasken shuɗi irin wadda ake duba kuɗi da ita, takardun da aka yi daga wajen 1950 zuwa yau da yawansu suna ƙyalli a ƙarƙashinta saboda sinadarin farantawa, wadda aka ce ta 1910 ce bai kamata tayi ba.

Akwai kuma wanda ba jabu ba ne na mugunta amma ba hannun mai sunan ba ne. Sakatare ko manaja ko matar gida su amsa wasiƙu su sa sunan maigida. Sonny Liston misali, karatunsa kaɗan ne ƙwarai, da kyar yake rubuta sunansa, sanannen abu ne a wajen masu tarawa cewa matarsa Geraldine ta sa masa hannu a abubuwa da yawa, shi yasa nasa na ainihi yake da tsada duk da ba tsohon zamani ba ne sosai. Wasu hotunan kuma sa hannun a jikin hoton aka buga shi tun daga ɗakin wanki, karkata shi ga haske zaka ga ba tawada a sama, sumul yake.

Ni shi yasa nafi son takardar da aka yi don wata buƙata, cek na banki, kwantiragin dambe, wasiƙa mai ambulan da kan sarki da hatimin gidan waya. Ɗan guntun da aka yanko suna kawai ba komai a kewaye shi nafi tsoro. Kuma kullum tambayata ɗaya ce, daga ina? Kamar sayen fili ne, wa ya sayar maka, shi a hannun wa ya saya, har a kai ga mai gonar farko. Kamfanonin tantancewa irin su PSA da JSA da Beckett suna taimakawa kuma kasuwa na ganin girman takardarsu, amma su ma ra'ayi suke bayarwa, ba su ga lokacin da aka sa hannun ba. In abu yayi araha fiye da hankali ka tuna araha bata ado.

Kuɗin da ke yawo a saman kasuwar ba kaɗan ba ne, a 2022 kamfanin gwanjo na Heritage ya sayar da ɗamarar kambun Muhammad Ali ta karonsa da George Foreman a kan dala miliyan 6.18. Inda kuɗi yake ɓarayi na nan, a 2015 aka fasa gidan tarihin dambe na Canastota a jihar New York aka kwashe ɗamara shida, huɗu na Carmen Basilio biyu na Tony Zale. Mu da ke sayayya daga nan gida namu ƙalubalen daban ne, canjin dala, katin banki ya ƙi wucewa, mai kaya yace shi baya aikowa Najeriya sai ka nemi ɗan uwa a Ingila ko Amurka ya karɓar maka ya riƙe har a samu mai zuwa. Akwai wani kamfanin aike da ya taɓa kawo min ambulan a lanƙwashe duk da an rubuta kar a ninka a jiki ɓaro ɓaro, hoton ya samu karaya a kusurwa, ranar ban iya cin abincin kirki ba.

In kayan ya iso kuma sabon aiki ya fara, don yanayinmu baya raga wa takarda. Damina danshi da fumfuna, rani zafi ya busar da ita ta dinga karyewa, ga gara, ga kyankyaso, ga rana da ke shanye tawada in ka rataye a falo. Don Allah kar ka kai wa mai laminatin, na san mun saba da yi wa takardun makaranta, amma zafin injin da gam ɗin suna kashe takardar har abada kuma darajarta ta tafi kenan. Kar a sa salatif, kar a sa gam, kar a bi sa hannun da biro wai don ya fito. Leda ta musamman marar sinadari, a kwance, cikin akwati mai murfi, a sama ba a ƙasa ba, a jefa 'yan ƙullin nan masu shan danshi da ke zuwa a kwalin takalmi. Wanda kake son nuna wa baƙi ka yi masa kwafi mai kala ka sa a firam.

Yanzu dai hankalina ya fi karkata ga namu. Hogan Bassey ɗan Kalaba ya doke Cherif Hamia a Paris ranar 24 ga Yuni 1957 ya zama ɗan Najeriya na farko da ya ci kambun duniya, tun kafin 'yancin kai. Ya zauna a Liverpool, ya rayu har 1998, don haka sa hannunsa yakan fito a tsofaffin littattafan yaran Ingila na wancan lokacin, 'yan ƙananan littattafan nan masu shafi kala kala da yara ke tsayawa da su a ƙofar filin wasa, kuma ba shi da tsada don masu kuɗin can basu damu da shi sosai ba. Dick Tiger, Richard Ihetu ɗan Amaigbo, ya ci kambun matsakaita nauyi a hannun Gene Fullmer a 1962, ya ƙara da na ajin sama a hannun José Torres a 1966, yaƙin basasa ya cinye dukiyarsa, ciwon hanta ya kashe shi a 1971 yana da shekara 42, nasa ya fi na Bassey wuya. Abun da ke damuna shine kusan duk abun da nake gani na mutanen nan biyu daga Ingila ko Amurka yake fitowa. Mu nan bamu ajiye ba. A damben gargajiya ma haka ne, Shago da ba don bakin Ɗan Anace ba da me zamu riƙe a hannu mu nuna wa yara? Waƙa ta yi mana rana ƙwarai, amma takarda da hoto mun bar wa gara.

Ranar 10 ga Agusta 1963 Tiger ya kare kambunsa da Fullmer a filin wasa na Liberty a Ibadan, aka tsayar da damben bayan turmi na bakwai, shekara 11 kenan kafin Ali da Foreman su je Kinshasa. Dubban mutane sun shiga filin nan, kowa da tikiti a hannu, an buga fosta, jaridu sun cika da hotuna. Ba zai yiwu ace duk sun ɓace ba, wani yana cikin tsohuwar adakar kakan wani a Sabo ta Ibadan ko Legas ko Kaduna, tsakanin takardun haraji da hotunan biki. Tikitin nan ko takardar shirin ranar, ko da babu sa hannun kowa a kai, shi nake nema yanzu fiye da komai. In Allah ya sa wani ya ci karo da irinsa a kayan tsofaffinsa, kar ya goge kar ya wanke kar ya miƙe ninkin da ƙarfi, ya ɗauki hoton gaba da baya a inuwa, ya tambayi dattijon gidan waye ya je kallon kuma da wa suka tafi, ya rubuta amsar a wata takarda daban ya haɗa su a ambulan ɗaya.